Norbert Zastrow Yana Jiran Majalisa

Duk faɗin garinmu babu wanda ya kai Norbert Zastrow sanin ƙudurorin gwamnati a kan inshorar lafiya. Ya fi likitan garin, ya fi ɗan majalisar da muke zaɓa duk shekara biyu muna da-na-sani. Iyakar karatunsa sakandare, aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a masana'antar cuku, amma ka kuskura ka taɓo masa zancen inshora a mashaya ranar Juma'a, kifinka zai huce a faranti shi bai gama shimfiɗa ba. Baƙi kan ɗauka ɗan siyasa ne. Mu da muka san shi mun san ba siyasa ce ta dame shi ba. Aurensa yake so ya kashe, majalisa ta ƙi ba shi hanya.

An haife shi a gonar shanu a nan Wiskonsin, shi ne na shida, a gidan da in an zauna cin abinci ba a jin komai sai ƙarar cokali. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga masana'antar, yana da ashirin da uku ya auri Lorna. Ita Lorna har gobe cewa take ba a taɓa neman aurenta ba. Zobe kawai ya ajiye kusa da kofin gahawarta ya ce, "Gwada mu gani ko ya yi miki." Ya yi mata, sai aka sa rana.

Shekara ashirin da biyar suka yi a haka, ita tana magana, shi yana gyaɗa kai. 'Yarsu ɗaya tilo ta girma ta yi aure ta koma can kudu. To, da zafin 1993 suna dawowa daga jana'izar mahaifiyar Lorna, suka tsaya a wani gidan mai. Lorna ta shiga bayan gida. Norbert ya cika tanki, ya biya, ya sayi gyaɗa mai gishiri, ya tada mota ya kama hanya. Hankalinsa kwance, yana ma jin daɗin yadda motar ta yi shiru. Sai da ya miƙa hannu don a zuba masa gahawa, hannun ya daɗe a iska, sannan ya waiga.

Da ya koma ya same ta zaune a kan buhun gawayi a ƙofar shagon, da baƙar rigarta ta makoki, da jaka a cinya.

Ya ce, "Ashe kina nan."

"Mil arba'in, Norbert. Yaron shagon ya lissafa mini. Mil arba'in ka yi ba ka san ba na cikin motar ba."

Ya duba agogon ƙirga mil na motar ya ce, "Talatin da takwas."

Wannan mil biyun ne ya kai su ofishin lauya.

Mista Haugen lauya ya cika takardun saki tsaf, saura sa hannu, sai ya ɗago kai kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. "Af, inshorar wa kuke kai?"

"Ta wurin aikina," in ji Norbert.

"Ke fa, Lorna? Lafiyarki ƙalau?"

"Ciwon suga. Allura biyu a rana."

Haugen ya mayar wa biro murfinsa. Ya ce ranar da alƙali ya sa hannu, ranar sunanta zai fita daga inshorar masana'anta. Doka ta yarda ta ci gaba shekara uku in za ta iya biya daga aljihunta, kuɗin kuwa ya kusa hayar gida. Bayan nan sai ta nemi tata, kuma a wancan zamanin babu kamfanin da zai kalli mace da ciwo a hannu ya ce shigo.

"Amma kada ku damu," in ji shi. "Ba ku ga talabijin ba? An nuna katin inshorar da gwamnati za ta kawo ma. Kowa zai samu nasa, da aiki ko ba aiki, da aure ko ba aure. Ku ba su wata shida."

Lorna ta ce, "Wata shida zan iya."

Takardar ta shiga gwangwanin biskit a kan firiji. Gidansu mai hawa biyu ne, da matakalar katako ta waje, mataki goma sha uku. Norbert ya kwashi kayansa da ƙugiyoyinsa na kamun kifi ya hau sama. Daga ranar ta daina kiran sunansa a gaban mutane, sai dai "na sama". Shi ma ya koma ce mata "ta ƙasa". Fasto ya yi ta sintiri wata biyu, ya gaji ya bari.

Norbert ya je ɗakin karatu ya sa aka samo masa ƙudurin katin nan, shafi dubu da ɗari uku da 'yan kai. Ya karanta shi da rula, layi-layi, mutumin da ko takardar amfani da injin wanki bai taɓa karantawa ba. Ya riga ya ga wata bukka a bakin tafki can arewa, inda zai buɗe shagon sayar da tsutsar kamun kifi ya zauna ba mai tambayarsa me yake tunani. Shekara ta zagayo, ƙudurin ya bi ruwa, ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba.

Daga nan fa abin ya zame masa jiki. Wani ƙuduri ya zo ya ce a buɗe wa kowa asusun ajiya na asibiti, Norbert ya karanta, ya mutu masa a hannu ko ya fito a rame. Wani ya ce a ba ma'aikaci kuɗin ya saya da kansa. Wani ya ce a sa wa inshorar wurin aiki haraji. Kowanne da sabon suna mai daɗin ji, kowanne da mutum mai tsadadden kwat yana rantsuwa a talabijin cewa bana an gama. Ni dai ban ga abin da suka gama ba sai takardar gwamnati da idon Norbert, wanda ya canja tabarau sau uku.

Wata shekara ɗan majalisarmu ya zo sauraron jama'a a zauren makaranta. Ya yi ta zuba a kan zaɓi da 'yanci da kasuwa. Norbert ya miƙe da hularsa a hannu.

"Yallaɓai, ni ba ruwana da jam'iyya. Tambayata ɗaya ce. Yaushe zan iya rabuwa da matata?"

Ɗan majalisa ya fara laluben kofin ruwa. Can layi na uku a baya hannu ya tashi.

"Ni ce matar," in ji Lorna. "Ni ma ina son jin amsar."

Ɗan majalisa ya ce zai sa ma'aikatansa su bincika. Har ya bar kujerar suna bincike.

Akwai abu ɗaya da duk unguwa ta sani, amma ba mai yi wa Norbert zancensa. Mai ciwon suga wani lokaci sugan kan faɗi yana barci. Saboda haka Norbert ba ya fita aiki sai ya ji rediyon ƙasa ya fara magana. In shida ta wuce bai ji ba, sai ya buga diddige sau uku a daɓe. Ita kuma ta zunguri silin da sandar tsintsiya sau biyu, wato tana raye, ya rabu da ita. Wani maƙwabci ne kaɗai ya taɓa zolayarsa a kai, Norbert ya ce, "Ai sunanta yana kan inshorata. In ta faɗi, ni za a aiko wa takardu."

Duk watan Nuwamba ma'aikatan masana'antar kan bi layi ofishin Gwen Tollefson su cika fom ɗin inshorar shekara mai zuwa. Gwen mace ce mai alewa a kwano da labarin kowa a kai. A gurbin da aka ce mata ko miji, Norbert kan rubuta Lorna Zastrow da manyan baƙaƙe, ya ja tsaki don Gwen ta ji, ya ce, "Bana ce ta ƙarshe."

Shekara tara da rabuwa, Lorna ta samu aiki a kicin ɗin makarantar firamare. Nuwambar shekarar fom ya zo da sabuwar tambaya: shin matarka tana iya samun inshora a wurin aikinta? Norbert ya sa alama a kan a'a ya tura.

Gwen ta turo masa baya. "Norb, sake dubawa."

"Na duba."

"Yayata Bev a kicin ɗin take. Tun Satumba aka mayar da Lorna cikakkiyar ma'aikaciya. An ba ta inshora, ta sa hannu a kan ba ta so."

"Ta ƙi?"

"Ƙememe. To ga yadda take: in ka ce e, kuma ka bar ta a kan taka, za a riƙa cire maka ƙarin dala hamsin duk wata. Ko kuma ka je gida ka ce ta karɓi tasu, ka cire sunanta, ku tafi wurin Haugen. Ka huta, mu ma kunnenmu ya huta."

Ga shi nan, abin da majalisa ta kasa yi masa shekara tara, kicin ɗin firamare ya yi masa. Bukka tana nan, tafki yana nan. Norbert ya zauna yana kallon ɗan akwatin da zai sa alama, yana jiran murna ta zo. Murnar ta zo, amma ba wadda yake jira ba. Daɗi ya ji cewa ta ƙi, daɗin da ya ba shi kunya har kunnuwansa suka yi ja. Bayansa kuma tsoro ya biyo, don in ya yi mata zancen, dole ɗayansu ya faɗi dalili.

Ya sa alama a kan e.

"Ta makaranta ba ta da kyau," in ji shi. "Na karanta." Ko bangonta bai taɓa gani ba. Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya juyo. "Kada Bev ta ji."

"Ni? Haba, Norb," in ji Gwen, ta miƙa masa alewa. Shi kuwa mutum ne mai yarda da mutanen ofis, ya tafi hankali kwance.

Juma'ar makon bai bar gwamnati ta sha ruwa ba. Ya zage ta tun daga sama har ƙasa, ya ce sun ɗaure bawan Allah da igiyar aure, ya buga tebur har gishiri ya zube. Ya koma gida, ya tsaya a gindin matakala yana kallon tagar kicin ɗinta, sannan ya hau.

A 2010 abin da ba a zata ba ya faru, doka ta wuce. A ciki an hana kamfanoni korar mai ciwo. 'Yan mashaya suka saya wa Norbert giya suna taya shi murna. Ya ɗaga musu yatsa ya ce su dakata, ya karanta: sashen da ya shafi irin su Lorna sai nan da shekara huɗu zai fara aiki. Ya faɗi haka da fuskar ɓacin rai, amma ya shanye giyar da sauri irin na wanda aka ɗage wa jarrabawa.

A shekarar ne kuma ya cika sittin da biyar, katinsa na inshorar tsofaffi ya zo daga gwamnati. Katin nan na mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar mata, Lorna kuwa da sauran shekara uku, in ya bar aiki ta rasa inshora. Gwen ta riga ta yi odar kek ɗin sallama, har an rubuta sunansa da shuɗin sukari da ɗan kifi a gefe. Norbert ya ce ba inda za shi. Aka ci kek ɗin haka nan, washegari ya hau motarsa ta ɗaga kaya.

Shekara ukun nan ne suka cinye masa gwiwa. Ɗakin sanyin cuku ba wurin tsoho ba ne. Hawa motar sai ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, sauka kuma sai ya yi addu'a. Matakalar gida ya koma hawanta a karkace, a mataki na bakwai ya tsaya ya ɗaga kai kamar yana duba indararo. Indararon nan ya sha dubawa. Labulen kicin kan ɗan motsa, ba wanda ya taɓa cewa komai. Kalma ɗaya daga bakinsa ko nata da ta sauke shi daga motar nan, amma taurin kai irin na gidan Zastrow sai dai ka gani ka kauda kai. Ni abin haushi yake ba ni har yau.

Kakar 2013 ambulan mai ɗauke da katin Lorna ya iso. Akwatin wasiƙarsu ɗaya ne, Norbert ne ya fara gani, ya gane shi tun kafin ya karanta sunan. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, har ya kai shi bakin aljihu. Sai ya tuna ɓoye wasiƙar wani laifi ne babba, ya karanta wannan ma. Ya mayar.

Ranar Asabar da safe rediyo ya yi magana a kan lokaci. Can sai tsintsiya ta zunguri silin sau uku. Uku ba ta cikin yarensu. Norbert ya sauko ko hula bai sa ba.

Ya sha shiga kicin ɗin gyaran famfo, amma shekara ashirin bai zauna a ciki ba. A kan tebur ga kati, ga gwangwanin biskit a buɗe, ga biro, ga faranti biyu na ƙwai da soyayyen dankali.

"Zauna, Norbert. Ga kati ya zo. Na kira ofishin Haugen, shi ya rasu, amma 'yarsa ta ce mu kawo ta sabunta takardar. Dokar taka ma saura wata uku ta fara, ta makara."

Ya zauna. Ya ɗauki katin ya karanta gaba da baya, ya ajiye. Ya gyara zaman cokali.

"Akwai wani ƙuduri," in ji shi. "Suna so su ɗaga shekarun katin zuwa sittin da bakwai."

"Katin yana gabanka."

"Ba a san abin da za su yi ba. Mutanen nan ba su da tabbas. Ni a ganina a ɗan jira a ga..."

"Dala hamsin ɗin da ake cire maka fa? Ita ma ƙuduri ce?"

Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Bev tana juya miya kafaɗa da kafaɗa da ni," in ji Lorna. "Kafin ka iso gida ran nan na ji. Har launin kunnenka an gaya mini."

Ya ajiye cokalin. "To ke me ya sa kika ƙi ta makaranta?"

"Tsoro na ji. Na san in na karɓa sai mun je wurin Haugen, tunda mun gaya wa duk gari, har da ɗan majalisa." Ta ja gwangwanin ta mayar da shi inda yake. "Shekara ukun nan kuwa na cuce ka. Kullum ina ganinka a mataki na bakwai. Na yi ta jira ka ƙwanƙwasa ka ce, Lorna, karɓi tasu, na gaji. Kai ba ka magana, ni kuma na rantse ba ni zan fara ba. Gwiwar nan tana raina, Norbert."

Yanzu fa saura shi. Shafi dubu nawa ya karanta, babu wanda ya koya masa abin da ake cewa a nan. Ya ji zuciyarsa tana dukan da ba ta yi ba ko ranar da ya ajiye zobe. Ya share hannu a wando.

"Na koma na auna," in ji shi.

"Me ka auna?"

"Gidan man. Shekarar da abin ya faru na koma ni kaɗai, daga can zuwa inda na juya." Ya ɗago ido. "Arba'in da ɗaya ne."

Lorna ta dube shi. Bakinta ya fara rawa, ba ta san ko dariya ce ko kuka ba, sai duka biyun suka zo tare. Ta goge ido da tsumman kicin.

"Shekara ashirin kana riƙe da mil uku, Norbert Zastrow."

"Ban samu lokacin faɗa ba."

"Sau ɗaya ka manta da ni a gidan mai," ta ce. "Nuwamba ashirin ba ka manta da ni a fom ba. Ina ƙirgawa." Ta tura masa gishiri. "Ɗakin baya ba kowa. Ka sauko da kayanka. Ba don komai ba, don gwiwar."

Ya nuna gwangwanin da haɓa. "Takardar fa?"

"Mu jira majalisa. Ci, ya huce."

Ranar Litinin ya kai wa Gwen takardar barin aiki, ta ce wannan karon shi zai sayi kek. Bukkar bakin tafki wani likitan haƙori ya riga ya saye ta tuntuni, Norbert bai ko tambaya ba. Har yanzu yana karanta ƙudurori da rula, har yanzu kifin mutane yana hucewa ranar Juma'a. In sun yi tafiya suka tsaya shan mai, Lorna ce ke zare makullin mota ta sa a jaka, shi kuma ya tsaya a ƙofar shagon yana jiranta.